Daga Pilsen zuwa Alƙahira: Tarihin giyar laga da lemon sha'ir ɗin da ya fito daga gidanta

A wuraren biki a Kano ko Kaduna ana jera kwalaben Fayrouz a kan tebur tare da sauran lemuka, kuma da wuya a samu mai tambayar inda ya samo asali. Sunan na Larabci ne, sunan wani dutsen ado mai launi tsakanin shuɗi da kore. Lemon kansa haifaffen Masar ne. Kamfanin Al Ahram Beverages, wanda ya fi kowane girma a harkar giya a ƙasar, shi ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1990, domin masu saye da addininsu ya haramta musu barasa.

Babbar hajar wannan kamfani ita ce Stella, giya mai launin zinariya da ake sayarwa a otal-otal da wasu tsofaffin mashayu na tsakiyar Alƙahira. Masu tallarta suna son danganta ta da zamanin Fir'aunoni, amma tarihi bai goyi bayansu sosai ba. Stella tana cikin dangin giyar da ake kira laga, kuma irin fara mai garai-garai da duniya ta sani a yau an fara dafa ta ne a 1842 a garin Pilsen na yankin Bohemiya, cikin ƙasar da yanzu ake kira Jamhuriyar Cek. Giya ce da ba ta yiwuwa sai da sanyi. Yadda ta samu wurin zama a birni mai zafi, wanda galibin mazaunansa Musulmi ne, labari ne da ya haɗa kimiyya da mulkin mallaka da siyasa da fiƙihu.

Giyar da Masar ta sani tun da

Ba a koya wa Misirawa dafa hatsi ya zama giya ba. A watan Fabrairun 2021 hukumomin kayan tarihi na Masar suka sanar da gano wata babbar masana'antar giya a Abidos, cikin lardin Sohag, wadda masu binciken Masar da na Amurka suka ce ta kai kimanin shekara 5,000, wato zamanin Sarki Narmer. Tana da sassa takwas, kowanne da tukwane kusan 40, kuma an ƙiyasta za ta iya dafa lita 22,400 a lokaci guda. Ma'aikatan da suka gina manyan dalolin Giza ma da burodi da giya ake biyan su wani ɓangare na haƙƙinsu.

Sai dai wannan giya ta fi kusa da burukutu ko fito a kan abin da ke cikin kwalabe a yau. Da sha'ir da wani tsohon irin alkama ake yin ta, tana da kauri da duhu, kuma ba ta jure ajiya, dole a shanye ta cikin 'yan kwanaki. Magajiyarta ta gaskiya ita ce buza, wadda Baturen Ingila Edward William Lane, a littafinsa na 1836 kan al'adun Misirawa, ya bayyana a matsayin abin shan matuƙa jirgin ruwa na Kogin Nilu da talakawan birni. Hukuma ta sha sa mata ido. A farkon ƙarni na 11 Halifa Al-Hakim na daular Faɗimiyya ya hana sayar da fuƙƙa'u, wani abin sha na sha'ir da aka saba da shi a kasuwannin Alƙahira, har ya sa aka lalata zabibi da zuma don kada a yi barasa da su.

Ganga 36 a gaban zauren gari

A Bohemiya ma dafa giya tsohuwar sana'a ce. Akwai bayanin da ke nuna cewa ana yin ta a gidan ibadar Kirista na Brevnov da ke Prague tun 993, kuma a garuruwa irin Pilsen, wanda mutanensa ke kira Plzen, haƙƙin dafawa gado ne da ke bin wasu gidaje na 'yan asalin gari. Matsalar ita ce ingancin ya lalace. A 1838 aka tuntsurar da ganga 36 ta giya a gaban zauren majalisar garin, jama'a na kallo. Ba wa'azi ne ya jawo haka ba: hukumar gari ce ta yanke cewa giyar ta ɓaci har ba ta shayuwa.

Abin kunyar ya sa masu haƙƙin dafawa suka haɗa jari suka gina masana'anta guda ta zamani, suka kuma ɗauko wani gwani daga yankin Bavariya na Jamus mai suna Josef Groll. Ranar 5 ga Oktoban 1842 ya ɗora tukunyar farko, ranar 11 ga Nuwamba kuma aka fara sayarwa. Abin da ya fito ya ba kowa mamaki, domin laga da aka sani a lokacin galibi mai duhu ce, wannan kuwa ana hango haske ta cikinta.

Abubuwa da dama ne suka haɗu. Na farko shi ne tsiro. Kamar yadda mai burukutu ke jiƙa dawa ta tsira kafin ta shanya ta, haka ake yi wa sha'ir, sai dai a Turai gasa shi ake yi. Gashin wuta kai tsaye yana ƙona ƙwayar ya ba ta duhu da warin hayaƙi. A Pilsen an yi amfani da dabarar da aka koya daga Ingila ta busar da tsiron da iska mai zafi, sai ya fito fari. Ruwan rijiyoyin garin kuma ba shi da zartsi, ma'adinan da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, saboda haka ɗacin giyar ba ya kartar maƙogwaro. Shi ɗacin yana fitowa ne daga furen wata shuka mai yaɗo da Turawa ke kira hops, wadda ke ba da ƙamshi tana kuma hana giya saurin lalacewa. Wanda ake nomawa a yankin Zatec, a arewa maso yammacin Prague, yana cikin mafiya daraja a duniya, kuma a 2023 hukumar UNESCO ta sanya garin da gonakinsa cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Akwai kuma yadda ake dafa ƙullun. Ana ɗibar wani kaso daga cikinsa a kai wata tukunyar tagulla a tafasa, sannan a mayar da shi cikin sauran don zafin ya ƙaru a hankali. Masana'antar Pilsen tana yin haka sau uku har yau. Aiki ne mai cin lokaci da makamashi, kuma yawancin manyan kamfanonin duniya sun daina shi, amma masu dafawa a Cek suna ganin shi ne ke ba giyarsu jiki da ɗan zaƙin da ke bayan ɗacin.

Abu mafi muhimmanci shi ne yisti da sanyi. Yistin burukutu da na buza yana aiki a cikin zafi, ya gama cikin kwana ɗaya ko biyu. Na laga yana aiki a hankali a sanyin da bai wuce digiri 7 zuwa 12 a ma'aunin Salshiyas ba, idan ya gama kuma ya kwanta a gindin mazubi. Daga nan sai a ajiye giyar makonni a sanyin da ya kusa daskarar da ruwa har ta tace kanta. Daga wannan ajiya sunan ya fito: kalmar laga ta samo asali ne daga kalmar Jamusanci mai nufin adanawa, su kuma mutanen Cek suna cewa lezak, daga kalmarsu ta kwanciya. Don samun wannan sanyi aka haƙa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu tsawon kimanin kilomita 9 a cikin dutsen da masana'antar Pilsen ke kai, ana kuma sare ƙanƙara daga koguna da tafkuna a lokacin hunturu a cika ɗakunan da ita.

Sauran aikin gilashi da jirgin ƙasa suka yi shi. Bohemiya ta yi suna a sana'ar gilashi, kuma da kofunan gilashi suka yi araha suka maye gurbin na yumɓu da na katako, launin abin sha ya zama abin talla. Layin dogo ya iso Pilsen a farkon shekarun 1860. Masu kwaikwayo suka yi yawa a Jamus da Holan da Beljiyam da Amurka, kowa yana kiran tasa da sunan garin, har a 1898 masana'antar ta yi rajistar sunan Urquell, wato tushen asali, don ta bambanta kanta. Shi Groll bai daɗe ba, a 1845 ya koma garinsu.

Fara da baƙa

Nasarar farar laga ba ta kashe baƙar ba, ta dai tura ta gefe. A wani gidan abinci da ke Prague mai suna U Fleku, inda ake dafa giya tun 1499, baƙar laga ce abin da aka san gidan da shi tun 1843. Bambancin yana cikin tsiron. Ana haɗa fari da wanda aka gasa har sukarinsa ya yi ja, da ɗan kaɗan na wanda aka soya ya yi baƙi kamar ƙwayar gahawa. Sakamakon shi ne giya mai ɗanɗanon ɓawon burodi da cakulan, wadda ɗacinta bai kai na farar ba. Tsakanin biyun akwai ja-ja-ja, akwai kuma al'adar gauraya fara da baƙa a kofi ɗaya.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duhun launi alama ce ta ƙarfin barasa. Ba haka ba ne. Baƙar Kozel da ake fitarwa ƙasashe da dama tana da barasa kashi 3.8 cikin ɗari, farar Pilsner Urquell kuwa kashi 4.4. Haka ma lambobin 10 da 12 da 13 da ake gani a allunan mashayun Cek ba ma'aunin barasa ba ne. Suna nuna yawan sukarin da ke cikin ruwan tsiro kafin yisti ya fara aiki, bisa ma'aunin da masanin sinadarai Karl Balling ya tsara a Prague a 1843.

A yau baƙar laga kaso kaɗan ce na abin da ake sha a Cek, ƙasar da ta shafe kusan shekara 30 tana kan gaba a duniya wajen yawan giyar da kowane mutum ke sha, fiye da lita 120 a shekara. Tarayyar Turai ta ba sunan giyar Cek kariya ta musamman a 2008. Wannan suna yana da tsadarsa ga lafiyar jama'a, kuma likitocin ƙasar sun daɗe suna faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2024 barasa na da hannu a mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekara a faɗin duniya.

Yadda sanyi ya iso bakin Nilu

Alƙahira ba ta da hunturun da zai daskarar da kogi, don haka da a ce dabarar ta tsaya a kan ƙanƙarar tafki, da laga ta ci gaba da zama kayan da ake shigowa da su ta jirgin ruwa. Abubuwa biyu suka sauya lissafin. A shekarun 1870 injiniyan Jamus Carl von Linde ya ƙera injin sanyaya wuri mai aiki da sinadarin amoniya, kuma masu kamfanonin giya ne suka fara zuba kuɗi a aikinsa. A 1883 kuma Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken Carlsberg da ke Denmak, ya ware tsantsar yistin laga daga sauran ƙwayoyin da ke ɓata giya. Daga nan ana iya ɗaukar yisti a kwalba da inji a jirgi a kafa masana'anta a ko'ina.

Kasuwa ma ta samu. Buɗe mashigin Suwez a 1869, da cinikin auduga, da mamayar Birtaniya a 1882 sun cika Iskandariyya da Alƙahira da Girkawa da Italiyawa da sojojin Ingila. A 1897 wasu masu jari 'yan Beljiyam suka kafa kamfanin Crown a Iskandariyya, shekarar da har yanzu take rubuce a jikin kwalbar Stella. A 1898, shekarar da Pilsen ke rajistar sunanta, aka kafa kamfanin Pyramides a Alƙahira, shi ma da jarin Beljiyam. Masana'antarsa ta zauna a unguwar Bain al-Sarayat da ke Giza, kusa da inda Jami'ar Alƙahira take a yau.

Ke nan salon Bohemiya bai zo Masar kai tsaye daga hannun mutanen Cek ba, ya biyo ta hannun waɗanda suka kwaikwaye su. Daga baya kamfanin Alƙahira ya haɗe da Bomonti, wanda wasu 'yan'uwa 'yan asalin Suwizalan suka kafa a Istanbul, a 1937 kuma Heineken na Holan ya sayi hannun jari ya kawo ƙwararrunsa. Stella ta Masar ba ta da alaƙa da Stella Artois ta Beljiyam, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ma'anar kalmar ita ce tauraro, kuma abin lura ne cewa giyar farko da kamfanin Nigerian Breweries ya fitar a Legas a 1949, shi ma da hannun Heineken a ciki, sunanta Star.

Farar ce ta yi rinjaye, kamar yadda ta yi a kusan duk ƙasashe masu zafi, domin mai neman abin da zai sha da sanyi bayan rana ta gasa shi ba ya neman mai nauyi. An ɗan yi wata mai duhu da ake kira Marzen, wadda littattafan jagoran matafiya suka riƙa ambata cewa tana fitowa na ɗan lokaci a bazara, amma ba ta taɓa zama ta yau da kullum ba.

Masanin tarihi Omar Foda, a littafinsa na 2019 kan Stella, ya nuna cewa masu shan ta ba baƙi kaɗai ba ne. Ajin da ake kira afandiyya, wato ma'aikatan ofis da 'yan boko masu sanye da kwat da jar dara, sun ɗauke ta alamar zamani, kuma ta riƙa fitowa a finafinan Masar da tallace-tallacen jaridu ba tare da ɓoyo ba. Amma ƙyamar ta tana nan a ƙasa. Ranar 26 ga Janairun 1952, a tarzomar da aka sani da Gobarar Alƙahira, mashayu da gidajen silima da otal ɗin Shepheard's suna cikin wuraren da aka cinna wa wuta, domin masu zanga-zanga suna kallon su a matsayin alamun mulkin baƙi.

Gwamnati, sannan kasuwa

A 1963 gwamnatin Gamal Abdel Nasser ta mayar da kamfanonin biyu mallakar ƙasa a ƙarƙashin sunan Al Ahram, wato daloli. Fiye da shekara 30 gwamnatin ƙasa mai rinjayen Musulmi ita ce mai dafa giya kuma mai sayar da ita. A shekarun ƙarshe na wannan zamani injuna suka tsufa, Stella ta yi ƙaurin suna wajen rashin tabbas, har ana barkwanci cewa ba a samun kwalba biyu masu ɗanɗano ɗaya. Wanda ya san yadda laga take ba zai yi mamaki ba: giya ce da ba ta da inda za ta ɓoye aibinta, sanyi ya ɗan kauce ko bututu ya yi datti, sai a ji a baki.

A wannan lokaci al'umma ma ta sauya. Doka mai lamba 63 ta 1976 ta taƙaita shan barasa a otal-otal da wuraren yawon buɗe ido da kulob masu lasisi, ta kuma tanadi hukunci ga wanda aka kama cikin maye a bainar jama'a. A watan Ramadan ba a sayar wa ɗan ƙasa barasa a waɗannan wurare, kowane ne addininsa, abin da wasu Kiristoci Kibɗawa suka sha kokawa a kai.

A 1997 aka cefanar da kamfanin ga wasu masu jari ƙarƙashin jagorancin Ahmed Zayat, ɗan kasuwar da daga baya ya yi suna a Amurka da dokinsa American Pharoah, wanda ya lashe manyan tseren ƙasar uku a 2015. Ya gyara masana'antun, ya kuma fahimci cewa a ƙasa irin Masar masu ƙin barasa sun ninka masu shan ta nesa ba kusa ba. A 2002 Heineken ya dawo ya sayi kamfanin a kan kimanin dalar Amurka miliyan 280, kuma manazarta kasuwa a lokacin sun ce lemukan da ba su da barasa suna cikin abin da ya ja hankalinsa. Cibiyar kamfanin yanzu tana birnin Obour, a arewa maso gabashin Alƙahira.

Tambayar da ta shafi mai saye

Ba duk abin da aka rubuta wa "babu barasa" ne ake yi ta hanya ɗaya ba, kuma a nan ne bambancin yake da muhimmanci ga Musulmi. Wasu kamfanoni suna dafa giya cikakkiya sannan su cire barasar da zafi ko da matata. Wasu suna amfani da yisti na musamman ko su katse aikinsa da wuri, ta yadda barasar da za ta samu ba za ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wasu kuma ba sa barin yisti ya taɓa ruwan tsiron ko kaɗan, sai su ƙara sukari da ɗanɗanon 'ya'yan itace da iskar gas.

Fayrouz yana cikin rukuni na ƙarshe, kuma a kan haka ne ya samu shaidar halacci daga Al-Azhar, abin da ya buɗe masa kasuwannin ƙasashen Larabawa. Game da sauran hanyoyin biyu malamai sun yi saɓani. Wasu suna duba cewa abin ba ya bugarwa komai yawan da aka sha, wasu suna duba cewa ya taɓa zama giya kafin a tace shi, wasu kuma suna ƙyamar kamanni da mashaya ko da abin da ke cikin kwalbar halal ne. Akwai kuma masu tambayar inda ribar take tafiya, tunda kamfani ɗaya ne ke yin duka biyun.

Birell, ɗaya lemon sha'ir ɗin da Al Ahram ya fara yi tun shekarun 1980, yana da ɗaci irin na laga, kuma asalin sunan da dabarar na kamfanin Hürlimann ne na birnin Zurich. Wannan suna dai shi ne a jikin giya marar barasa da ta fi shahara a Jamhuriyar Cek, wadda masana'antar Radegast ta fara yi a 1992, kuma yanzu take ƙarƙashin kamfanin da ya mallaki masana'antar Pilsen. A can ba addini ne ya ba ta kasuwa ba, dokar hanya ce, domin ƙasar ba ta yarda direba ya tuƙa mota da ko ɗigon barasa a jininsa ba.

Fayrouz ya shigo Najeriya a 2006 ta hannun Nigerian Breweries, inda ya tarar da Maltina, wadda kamfanin ya fara yi tun 1976, ta riga ta share masa hanya a arewa.